Zogalen Baba Halliru a Ras Al Khor

A bakin mahaifiyarta, Umma, Najiba ta fara jin sunansa, kwana uku da saukarta Dubai, cikin watan Satumba na 2016. Gama sakandarenta ke nan a Kano mahaifinta ya nema mata biza, ta zo ta same su a Bur Dubai, a hawa na huɗu na wani tsohon gida da in an buɗe taga ƙamshin girkin Indiyawa ke shigowa tare da ƙarar kwale-kwalen da ke tsallaka da mutane. Ranar Umma ta ajiye mata kwano a gaba. Tana buɗewa sai ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ganyen kore shar, ba irin busasshen da ake ƙullowa a leda daga gida ba.

"Umma, ɗanye? A garin nan?"

"Na Halliru ne. Ci ki rufe bakinki, rabo ake yi."

"Wane ne kuma Halliru?"

"Wani Bazazzagi ne da Kawunki Labaran ya kwaso. Duk ƙasar Zazzau shi kaɗai aka samu mai amfani."

Sai da Juma'a ta zagayo ta gan shi. Bayan an sauko daga masallaci ya ƙwanƙwasa ƙofa, da jakar bakko a kafaɗa. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, shekarunsa sun haura hamsin. Rigarsa wankakkiya ce, amma duk gabanta ƙananan huji ne kamar tartsatsin wuta ya zuba mata. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe da Umma, ya ciro ƙulli biyu, ɗaya zogale ɗaya rama.

"Malam Halliru, wannan karon ka yi rowa," in ji Umma tana auna ƙullin a hannu. "Halin mutanenku ya motsa."

"Hajiya, ai Bakano ko gona guda aka ba shi sai ya leƙa ta maƙwabci. Matar Sabo ta haihu shekaranjiya, ita na fara kai wa."

Da Najiba ta kawo masa shayi ta lura da hannuwansa. Fatar ta tsattsage, faratan baƙi ƙirin, kofin kuma yana rawa har shayin na zuba a kan yatsunsa. Ya ga tana kallo, ya yi murmushi ya ce tsufa ne, 'yata.

Najiba irin yaran nan ce da ba sa gajiya da tambaya. Tun tana ƙarama ita ke zama gefen kakarta tana jin wa ya haifi wa, wa ya fara zuwa Makka a ƙafa, a wace shekara aka bar Ƙoƙi aka koma Kurna. In an yi gardama a gidansu kan wani tsohon zance ita ake kira. Don haka Juma'a bayan Juma'a, yana shan shayi tana jansa da hira, har ta haɗa labarinsa.

A Hunkuyi aka haife shi, gidan masu noman rani. Tun bai kai ɗaukar garma ba yake ban ruwa a gonar tumatir da attarugu ta mahaifinsa. Da mahaifin ya rasu aka raba gonar tsakanin 'ya'ya tara, abin da ya samu bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Ya bar wa ƙanensa, ya shigo Kano, ya faɗa kasuwar Ƙofar Ruwa yana dako. A nan Alhaji Labaran, yayan Umma, mai sayar da tsofaffin kayan mota, ya ga mutum ne mai amana da ba ya ƙi aiki, ya koya masa kwance inji. A 2004 Alhaji Labaran ya kama hayar wani yadi, wato filin ajiye kaya, a Ras Al Khor, unguwar da babu komai sai gareji da rumbunan ajiya da tulin ƙarafa, ya ɗauko Halliru. Ya bar matarsa Halima Sa'adiya da yara huɗu a Hunkuyi. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara biyu.

Aikinsa a yadin ɗaya ne: busar da kaya. 'Yan kasuwa daga Kano suna zuwa su sayi tsofaffin injina da giyabos da batura, a loda musu a kwantena zuwa Legas. Kamfanin jirgi kuwa ba ya karɓar abin da ke ɗiga. Dole a tsiyaye baƙin mai daga kowane inji, a juye ruwan kowane batir. Matattun baturan da ba za su tashi ba, Halliru ke fasa su da gatari ya ciro dalmar ciki, don ita ma ana sayenta. Ƙa'ida ita ce a tara wannan ƙazanta a duro a kira masu tanka su kwashe. Amma a shekarun farko kwantena na tsaye, direba na danna ham, Alhaji na cewa, "Yalla, Malam Halliru, yalla!" Sai Halliru ya yi abin da ya ga ana yi a Ƙofar Ruwa. Ya haƙa rami a bayan yadin, jikin katanga, zurfinsa ya kai tsayin mutum. Shekara huɗu yana zuba baƙin mai da ruwan batir a ciki, a bakin ramin kuma yake fasa batura, tokar dalma tana sauka ko'ina. A 2008 aka kama wani maƙwabcinsu da irin wannan rami aka rufe masa wuri. Washegari Alhaji Labaran ya sa aka kawo yashi aka cike nasu, aka koma kiran masu tanka.

Shekara uku bayan haka Halliru ya ga wata 'yar ciyawa ta tsiro a wurin. Bututun na'urar sanyaya ofis a nan yake ɗiga, katangar kuma tana tare ranar yamma, ƙasar ga ta da laushi tunda an taɓa haƙa ta. Ya ce ya daɗe a tsaye yana kallon ciyawar nan. Shekara bakwai ke nan bai sa hannu a ƙasa don shuka ba. Da ya je gida hutu ya dawo da irin zogale da rama da yakuwa a cikin safa. Ya riƙa zuwa kasuwar dabbobi yana roƙo takin awaki. Shukar farko ta yi rawaya ta mutu, ta biyu ma haka. Ya ƙara taki, ya ƙara yashi, ya riƙa tara ruwan alwalar mutanen yadin a bokiti. Ta uku ta kama.

"Baba, a kan ramin man?" Najiba ta tambaye shi ranar da ya ba ta wannan labari.

"Ai ya daɗe da mutuwa. Ranar garin nan ta dake shi shekara uku. Ƙasa ba ta riƙe ƙazanta, 'yata, shanyewa take ta narkar. Ba da ita muke tsarki ba in babu ruwa?"

Haka ya yi imani, kuma ba da baki kawai ba. A ranakun da hannuwansa suka tsattsage har ruwa ke yi masa zafi kamar barkono, da ƙasar lambun nan yake taimama, ya shafa a fuska, don ita ce yake ganin ta fi kowacce tsabta a yadin.

Bai taɓa sayar da ganye ɗaya ba. Gida goma sha ɗaya yake kai wa, tsakanin Bur Dubai da Deira, yana hawa bas biyu. Masu jego ke fara samu, don a gida an san zogale na kawo ruwan nono, sai gidajen da ke da ƙananan yara, sai sauran. A garin da kowa ya zo nema, mutumin da ke kwana a ɗakin kwano bayan ofis ya zama mai kyauta. Mata ba su san sunan mahaifinsa ba, Halliru mai zogale kawai suke cewa. Najiba ta lura in aka kira shi da sunan nan har tsayuwarsa miƙewa take yi.

Ciwon ciki kuwa ya daɗe da shi. Yakan murɗe shi ya kwanta kwana biyu, ya sha jiƙon kanwa ya tashi. Wani lokaci yana cikin magana sai kalma ta ɓace masa. Kowa ya ce wahala ce da zafin gari.

A ƙarshen 2018 hukumar gari ta fito da wani shiri. Duk yadin da aka taɓa aikin mai ko batir a cikinsa a yi rajista, hukuma za ta ɗauki nauyin gwada ƙasar, in an samu guba kuma ta taimaka da kwashe ta. Balaraben da ke da filin ya ce wa masu haya duka sai sun shiga, kuma ba zai sabunta wa kowa haya ba sai da takardar gwaji. In ƙasa ta fita lafiya, mako biyu an ba ka takardarka. In ba ta fita ba, a rufe yadi har sai an gama aiki, wata shida ko shekara, Allah kaɗai ya sani. Kafin nan masu saye sun koma wajen wani.

Lokacin Najiba na taya mahaifinta buga takardu a ofishinsa na kago, na aika kaya zuwa gida, kuma Turancinta ya fi na kowa a dangi. Ita Kawu Labaran ya kawo wa fom ɗin. Suka cike suna da lamba da girman fili. Sai suka iso tambayar da ke cewa ko an taɓa zuba ko binne mai, ko ruwan batir, ko dalma a wurin, in an taɓa a zana inda yake.

"Rubuta babu," in ji Kawu.

"Kawu, Baba Halliru ya ce min akwai rami a baya."

"Rami na shekara goma? Ke kina aji nawa lokacin? Rubuta babu, khalas, shi ke nan."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta iya yi wa yayan mahaifiyarta musu ba, ba ta kuma iya rubutawa ba. Ta miƙa masa biron. Ya kalle ta, ya ce yaran yanzu boko ya cika musu ciki, ya ja layin da kansa.

Tambayar ce ta tsaya mata a rai. Me ya sa suka ambaci dalma daban? Ta bincika a wayarta. Abin da ta karanta ya sa ta ajiye wayar ta sake ɗauka. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta kashe ta, shekara ɗari tana nan inda aka bar ta. Tana shiga ta baki da ta numfashi. Tana murɗa ciki, tana sa hannu rawa, tana cin ƙoda. A jikin yara kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, har ta nono tana bi.

Juma'ar nan ta bi shi har bakin matakala bayan ya yi sallama da Umma.

"Baba, ka tuna yaran Zamfara da suka yi ta mutuwa shekarun baya?"

"Na masu haƙar zinare? Allah ya jiƙansu. Muna nan muka ji a rediyo."

"Gubar dalma ce ta kashe su."

"Waccan ta cikin dutse ce."

"Dalma dai ɗaya ce, Baba. Irin wadda kake cirowa a batir."

Ya yi dariya, ya gyara jakarsa a kafaɗa. Ta gaya masa sauran abin da ta karanta, har da rawar hannu. Dariyar ta tsaya. Ya dubi hannuwansa, gaba da baya, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Ni ba komai," ya ce. "Tana shiga ganye?"

"Ban sani ba. Sai an gwada."

"Su masu zuwan nan suna iya ganewa?"

"In an nuna musu wurin."

A jakar akwai sauran ƙulli huɗu na gidajen Deira. Ta taga ta hango shi a tashar bas. Bas ɗin Deira ya zo ya tafi bai shiga ba, ya zauna da jakar a kan cinya.

Daga ranar ya daina kawo ganye. Mata suka yi ta bugo wa Umma waya suna tambaya ko lafiya, ya ce tsutsa ce ta faɗa wa lambun. Amma bai daina ban ruwa ba. Alhaji Labaran kuma ya kira shi ofis ya yi masa magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya tuna masa shekara ashirin da suka yi tare, ya tuna masa bizarsa za ta ƙare a watan Nuwamba, da 'yarsa ta biyu da ke makarantar koyon jinya a Zariya. Ya ce ranar da masu gwaji za su zo, ya tafi masallacin bakin titi ya huta har la'asar.

Sun zo wata Talata a watan Fabrairu na 2019, da hantsi. Kawu ya sa Najiba ta zo ta riƙe takardu, ko za a buƙaci Turanci. Ashe ba a buƙata ba. Shugabar masu gwajin Bahaushiya ce, Injiniya Asama'u, 'yar Katsina, tana aiki da kamfanin da hukuma ta ba kwangilar. Da hular kwano a kan mayafinta, da ma'aikata biyu masu injin huda ƙasa. Najiba na shiga yadin ta ga an jawo wata kwantena da babu komai ciki an gindaya ta a gaban lungun da ke zuwa lambu. Ko kan zogalen ba a hangowa.

Suka huda wuri uku, duk a gaba, inda fom ya nuna ana ajiye kaya. Farin yashi ya yi ta fitowa. Kawu ya aika aka kawo lemo mai sanyi, yana ta jan Injiniya da wasa, wai Katsinawa sun zo har Dubai suna haƙa ramin gyaɗa. Ana cikin naɗe wayoyi, azahar ba ta yi ba, sai ga Halliru ya shigo ta ƙofa da butarsa a hannu.

"Malam Halliru, har an idar?" in ji Kawu. "Koma ka huta, rana ta yi zafi."

Halliru bai dube shi ba. Ya matsa kusa da Injiniya ya rage tsawo.

"Ranki ya daɗe, an ce ke 'yar gida ce."

"Haka ne, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Akwai inda ba ku haƙa ba."

"Injiniya, rabu da shi," Kawu ya yi dariya. "Bazazzagi ne, in rana ta taɓa su sai surutu. Wasu 'yan ganyaye ne yake wasa da su a baya."

"Ni na haƙa ramin da hannuna, Alhaji. Ni na zuba, ni na cike, ni na shuka a kai." Halliru ya juya ga Injiniya. "Kuma ni na kai wa mutane suka ci."

"Malam Halliru." Kawu ya sauke murya. "Ka san abin da kake yi?"

"Na sani, Alhaji. Ka yi haƙuri."

Tsakanin kwantenar da katanga akwai 'yar tazarar da mutum zai bi a karkace. Ta nan ya shige gaba, Injiniya ta bi, Najiba ta bi. Wannan ne karon farko da ta ga lambun. Bai fi faɗin ɗaki ɗaya ba. Bishiyar zogale biyar, sun fi katanga tsayi, a ƙarƙashinsu rama da yakuwa a kunya-kunya, an ja musu hanyar ruwa da kyau kamar a fadama. Wurin akwai sanyi. Injiniya ta ce wa ma'aikatanta su kwance injin su shigo da shi gunduwa-gunduwa.

Suka huda a tsakiyar kunyar rama. Kamu biyu na farko ƙasa ce mai kyau, ja-ja, da ƙamshin taki. Daga nan sai ta fara yin toka-toka. Sai baƙi. Abin da ƙarfen ya fito da shi daga ƙasa kamar kwalta yake, yana naso, da wani wari mai tsami da ya sa Najiba ta toshe hanci da mayafi. Har da ɓaraguzan baƙar roba na jikin batir. Saiwar zogale ɗaya ta biyo ƙarfen, rabinta fari rabinta baƙi.

Injiniya ta sa safar hannu ta tsinki ganye daga kowace shuka ta zuba a leda daban-daban.

"Baba, shekara nawa ana ci?"

"Bakwai."

"Da yara?"

"Da masu jego."

"Inna lillahi," ta ce a hankali. Sannan ta kama hannunsa ta juya, ta ce ya buɗe baki ta ga dasashinsa. Ta ce gobe-goben nan ya je asibiti a ɗebi jininsa.

Sakamako ya fito bayan mako uku. Dalmar da ke ƙasar ta ninka abin da aka yarda da shi sau da yawa. Akwai ta a ganyen, ta fi yawa a rama da yakuwa da ke kusa da ƙasa suna shan ƙura. Jinin Halliru kuwa likita sai da ya sa aka sake gwadawa don bai yarda da na farko ba. Ƙodarsa duka biyu sun taɓu. Aka zagaye yadin da jan ƙyalle aka sa kwaɗo. Wasu mutane masu fararen kaya da abin rufe hanci suka zo suka sare bishiyoyin suka cusa a manyan buhuna. Ya roƙa a bar shi ya sare da kansa, suka ce ba a yarda kowa ya taɓa ba. Daga bakin titi ya tsaya ya kalla.

Injiniya Asama'u ta ce aikinta ƙasa ne, ba mutane ba, amma ta rubuta a takarda ta ba Alhaji Labaran cewa duk wanda ya ci, musamman yara, a kai shi a gwada jini. Takardar ba ta fita daga aljihunsa ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ɗan mai ne aka samu a ƙasa, ganye lafiyarsa ƙalau, Turawan zamani ne da tsoro. Mutane kuma sun fi son su ji haka.

Bai yi wa Halliru faɗa ba, ko sau ɗaya. Ya kama masa gado a wani ɗakin ma'aikata a Al Quoz, yana aika masa abinci. Da Nuwamba ta zo sai kawai bai sabunta bizar ba, ya ce babu yadi, babu aiki. Umma ta je har gidansa ta ce masa bai kyauta ba, suka yi sa-in-sa a gaban matarsa, suka shekara ba sa gaisawa. Amma ita ma Umma ta daina tsokanar Halliru. Jikarta ta fari, 'yar yayan Najiba, a gidan aka yi jegonta, kullum da miyar zogale. Yarinyar ta kusa shekara uku ba ta haɗa kalma biyu. Da aka gwada ta an samu dalma a jininta, ba mai yawa sosai ba. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa ita ce ta jawo ba, ba zai kuma iya rantsuwa ba ita ba ce. In Halliru ya zo gaisuwa Umma takan amsa, ta sa a kai masa shayi, ta shige ɗaki.

Ya koma gida ranar sha tara ga Nuwamba, 2019, da akwati ɗaya. Ya yi shekara guda da 'yan watanni yana zirga-zirga tsakanin Hunkuyi da Zariya ana yi masa wankin ƙoda, in an samu hali. 'Yarsa ta bar makarantar jinya ta dawo tana jinyarsa. Ya rasu a watan Maris na 2021. Najiba ta ji ne a saƙon murya da Halima Sa'adiya ta turo wa Umma.

Aikin kwashe ƙasar ya tsaya saboda korona, sai bayan rasuwarsa da wata uku aka fara. Najiba ta je ta gani. Motar haƙa ta yi rami da ya fi wanda ya haƙa zurfi sau uku, don man ya bi ƙasa ya yaɗu har ƙarƙashin katangar maƙwabci. Tifa bayan tifa aka yi ta fita da baƙar ƙasa a lulluɓe da tamfol. Aka zuba sabon yashi, aka malala siminti. Yanzu wani ɗan Pakistan ke sayar da tayoyi a wurin. Kawu Labaran ya koma Sharjah da kasuwancinsa.

Daga cikin gida goma sha ɗayan nan, Najiba ta je tara. A wasu an karɓe ta, an yi kuka, an kai yara asibiti. A gida biyu an ce mata ita da tsohon duka ba su da aikin yi. Wata mata ta rufe mata ƙofa tun ba ta gama magana ba. Gida biyu sun tashi, ɗaya an ce Kaduna suka koma, ɗaya Jidda, har yau tana neman lambarsu.

Halliru ne ya sa ta wannan aikin. Juma'arsa ta ƙarshe a Dubai ya zo sallama, ƙafafunsa a kumbure, hawa huɗun nan sai da ya huta sau uku. Da zai tafi ya ce ta rako shi. A kan matakala ya zauna, ya lissafa mata gidajen ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowace mata da na yaran da aka haifa a shekarun nan bakwai, bai manta ko ɗaya ba, shi da kalma ke ɓace wa.

"Na so in je da kaina, ƙafa ta ƙi, kunya ma ta ƙi," ya ce. "Ki je musu, 'yata. Ba ta waya ba, da ƙafarki. Ki ce su kai yaran a duba jininsu, ko sun ga lafiyarsu ƙalau. Kada ki sa sunan Alhaji, kada ki ce laifin ƙasa ne. Ki ce Halliru mai zogale ne ya aiko ki, ya ce bai sani ba, su yafe masa. In sun ƙi yafewa ba komai, su dai kai yaran."